Ambulan Ɗin da Ke Akwatin Mama

Marlow, Ohio
6 ga Afrilu

Yaya Verna,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Ya gwiwar taki? Ya kaji, ya mutanen coci, ya ruwan saman nan da ya ƙi ɗaukewa? Ni ma lafiya lau, sai godiya. Sau uku na kira ki a makon nan wayar ba ta shiga ba, shi ya sa na koma biro da takarda. Wanda ya zaɓi zama a kwazazzabon da sai ya hau tudu waya ke kamawa, dole a rubuta masa wasiƙa.

Wani ɗan aiki zan ba ki. Ki zauna ki karanta a hankali, sau biyu in da hali, don na san ki da karanta wasiƙa kina juya tukunya.

Na taɓa gaya miki hukumar da ke ba gidajen renon yara lasisi ta fito da sabuwar ƙa'ida. Duk mai shugabantar gidan reno sai tana da digirin shekara biyu a hannu, wa'adin kuma ƙarshen Yulin nan ne. Shekara talatin da huɗu ina wannan aiki, sha tara a ciki ni ce shugaba. Yaran da na share wa majina yau su ke kawo mini nasu 'ya'yan. Amma wasu da ba su taɓa canza wa yaro kunzugu ba sun zauna a ofis mai sanyi sun yanke cewa ban san reno ba sai takarda ta ce na sani. In ban kawo ta ba, kwamitin cocin da ke da gidan zai ba mataimakiyata kujerar.

Brynn ake ce mata, shekararta ashirin da shida, kuma tana da takardar. Ranar Litinin wani yaro ya tsaya tsakar ɗaki yana tsala kuka, na same ta ta durƙusa a gabansa tana lallashi. Ta ce mini, "Mis Nadine, a makaranta an ce a fara tambayar yaro yadda yake ji a ransa." Na ce, "Ke 'yar nan, kashi ya yi. Sunkuya ki shinshina, zai gaya miki yadda yake ji." Wannan ce za ta gaje ni.

To, tun kakar bara nake zuwa kwalejin garin nan, wadda ke bayan tsohon kantin taya, inda kowa da kowa ke shiga ba a tambaya. Mai ba ɗalibai shawara a can wani ne Mista Prewitt, mutum mai murmushi ko ba a yi abin dariya ba, da kwanon alewa a kan tebur kamar mu yaran goye ne. Shi ya zana mini lissafin. Digiri kiredit sittin ne, wato maki, kowane darasi da aka ci uku. Sha biyar dole a yi su a ajinsu, kuma na kusa gamawa, ina zama kowace safiyar Asabar cikin 'yan shekara sha tara masu barci a kan waya. Tara za su ba ni a kan tsohuwar shaidar horon reno da nake da ita, wai akwai yarjejeniya tsakaninsu da masu bayar da ita. Sha biyar kuma a kan abin da suke kira ilimin da rayuwa ta koyar, amma sai na rubuta kundi na tabbatar musu cewa na rayu. Saura ashirin da ɗaya ke nan.

Ya ce, "Ashirin da ɗayan nan, Mis Nadine, zango uku za su ci miki, ba za ki kai Yuli ba. Sai dai in kin taɓa yin wata kwaleji a baya." Na dube shi sama da ƙasa, na ce, "Tun kafin a haife ka na yi shekara biyu a kwalejin Sparrow Creek." Ya ce bai taɓa jin sunanta ba. Dama a ina zai ji?

Kin san an rufe ta tun 1992, kuma ambaliyar da ta biyo baya ta cinye ɗakin da suka tara takardu. Amma kafin su rufe sun aika wa kowace tsohuwar ɗaliba takardar sakamakonta a gida, cikin ambulan mai hatimi. Tawa nan gida ta zo, na ce wa Mama a waya ta ajiye kada kowa ya taɓa. Tana cikin akwatin katakon Mama, ƙarƙashin barguna. Ambulan ne ruwan ƙasa, da jan hatimi da sa hannu a kan bakinsa.

Ga inda nake so ki buɗe kunne. Kada ki buɗe shi. Kada ki ɗaga shi a rana kina leƙe, kada ki ce bari ki ɗauke shi hoto. A wurin mutanen nan takardar sakamako tana da daraja ne muddin a rufe take. Da zarar wani ya buɗe, ko da mai ita ce, ta zama takardar ƙunshe nama. Kuma a duniya wannan ɗaya ce ta rage. Na san abin zai yi miki wuyar fahimta tunda ba ki taɓa shiga harkar ba, amma ba fahimta nake nema ba. Ki sa shi a kwali ki kai gidan waya.

Ki gaida Fasto da matarsa. Ki riƙa shafa man nan a gwiwa.

Taki,
Nadine Stamper
Shugaba, Gidan Renon Yara na Titin Walnut

*

Marlow
28 ga Afrilu

Yaya Verna,

Ina gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya, gwiwa ta yi sauƙi. Na ji kin ce dila ta ɗauke miki kaza biyu, Allah ya mayar da alheri.

Wasiƙarki ta zo, ambulan bai zo ba. Wai kin duba ba ki gani ba, akwatin ya cika da kaya. Yaya, akwati ne ba kasuwa ba. Hannu biyu gare ki, ki fitar da bargunan ɗaya bayan ɗaya. Sannan kin ƙara da shawara, wai me zai hana in yi darussan a sake tunda ina da kai. Na gode da shaidar. Na gaya miki zango uku ne, Yuli kuma wata uku ne, ki ƙirga da yatsu.

In kuma fushin ranar cin abincin bikin Godiya na shekara-shekara ne har yanzu bai sake ki ba, ki faɗa. Matar Fasto ta yi tambaya a kan jikanta da ya kai shekara biyu bai fara magana ba, kika yi caraf kika ce kunnensa za a duba. Abin da na ce kawai shi ne, "Yaya, wannan magana a bar wa waɗanda suka yi kwaleji." Ban zage ki ba. Ke kuwa sai kika miƙo mini kwanon wake. An yi shekara uku, bai kamata a ce mace mai shekara hamsin da takwas tana riƙe da wannan ba. Cewa daga baya an gano kunnen ne, wannan dace ne kawai.

Bari in ba ki labarin kundin, ki ga irin wulaƙancin da nake sha. Shafi arba'in da biyu na rubuta. An ce kowane abu da na iya sai na kawo hujja, har da hoton kaina ina wanke wa yaro hannu. Ranar Alhamis aka zaunar da ni gaban malamai uku. Babbarsu wata Dakta ce mai farce kamar na shaho, na rantse miki da waɗannan faratan ba ta taɓa ɗaura kunzugu ba. Ta ce, "Mun ga kina yin abin daidai, amma a wane ra'ayin masana kika dogara?" Na ce, "Ranki ya daɗe, in yaro ya ciji ɗan'uwansa ba na tsayawa neman masani, raba su nake yi." Na gefenta ya yi dariya ya mayar da ita tari.

Sai ta kawo misali, wai yarinya 'yar wata goma sha takwas ta ƙi cin abinci kwana biyu, me zan yi. Na ce zan duba dasashinta, in tambayi uwar ko an haifi ƙane a gida, sannan in zaunar da ita kusa da yaron da ya fi kowa ci. Suka dubi juna suka yi ta rubutu kamar na sauko musu da wahayi. Abin da kowace kaka a garinmu Pruitt Gap ta sani, shi suke sayar wa mutane zango guda.

Sun ba ni sha biyar ɗin cif. Mista Prewitt har da tafi, ya turo mini kwanon alewa ya ce, "Ɗauki biyu, yau ranarki ce." Na ce masa haƙorana nawa ne na kaina, kuma ina so su kai ni kabari.

Ke nan komai ya kammala sai abin da ke hannunki. Talatin da tara na hannuna, ashirin da ɗaya na ƙarƙashin bargon Mama. Ki tashi ki duba.

Ki gaida maƙwabta. Allah ya ƙara sauƙi.

Nadine Stamper

*

Marlow
23 ga Mayu

Yaya Verna,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, shuka ta fito da kyau. Ni dai lafiyar jiki ce kawai gare ni.

Mako uku na jira, abin da ya zo layi biyu ne. "Deenie, na gan shi. Amma akwai abin da gara a bar shi a akwati." Da farko dai, na sha gaya miki ki daina kira na da sunan nan. Deenie yarinya ce mai yawo ba takalmi a bakin rafi, na baro ta can tuntuni. Na biyu kuma, wa ya naɗa ki alƙalin abin da za a bari da wanda za a ɗauko? Takardata ce, sunana ne a kai.

Zan faɗa miki abin da nake gani, ko da zai yi miki zafi. Ƙyashi ne. Tun ranar da Baba ya ce 'ya ɗaya kawai zai iya turawa, aka zaɓe ni, ke kika shiga kamfanin ɗinkin riguna, abin yake cin ki. Na sani kin taimaka, kowa ya sani, ba sai an yi ta maimaitawa ba. Amma ba ni na ce ki zauna ba. Kowa da abin da ya karɓe shi, ke keken ɗinki da kwalaben ajiyar abinci, ni boko. Yanzu kin ga takarda na shirin shiga hannuna, ranki ya ƙi.

Mista Prewitt ya yi ta buge-bugen waya ko za a samu wani kwafi. Ma'ajiyar jiha ba su da shi, cocin da ta kafa makarantar ba ta da shi. Ya ce mini, "Ambulan ɗin 'yar'uwarki shi ne kaɗai, Mis Nadine. Ki lallaɓa ta." Ki ji fa, in lallaɓa ki. Ofishin rajista kuma sun ce sai ya shiga hannunsu kafin ƙarshen Yuni, in ana so sunana ya fito cikin masu kammalawa.

Jiya na shiga ofishina na tarar da Brynn tsaye tana kallon taga. Ta ce wai tana tunanin wane fure ne zai yi kyau a wurin. Na ce, "Wanda za a kai miki asibiti in kika ƙara shigo mini ba sallama." Ta yi dariya ta ce, "Kai Mis Nadine, ba ki da dama." Ta ɗauka wasa nake yi.

Ban taɓa roƙon ki komai ba, yanzu ma ba roƙo nake yi ba. In bai zo nan da kwana goma ba, zan tuƙo motar awa huɗu in zo in juye akwatin a tsakar ɗaki da hannuna, maƙwabta su sha kallo. Kujerar nan ita ce abin da nake da shi, Yaya. Ba miji, ba ɗa, ita ce. Ba zan zauna in ga an miƙa ta ga yarinyar da ke tambayar kashi yadda yake ji ba, don kawai yayata ta ga dama.

A gaida gida.

Nadine Stamper

*

Marlow
9 ga Yuni

Yaya Verna,

Ina gaisuwa da fatan alheri. Ya gwiwa, ya zafin da aka fara?

Ya iso. Kin naɗe shi a tsummar goge kwano, kin cusa shi a kwali ɗaya da kwalbar jam ɗin tuffa. Da kwalbar ta fashe a hanya fa? Takardar da ta rage guda a duniya, kika haɗa ta da abin shafa wa burodi. Allah dai ya tsare, ba dabararki ba.

Na duba shi gaba da baya, hatimin na nan, bakin a manne. Ya ɗan yi ƙamshin katakon akwatin, har na tuna Mama. Na ga 'yar takardar da kika sa, "Ki yi haƙuri." In na jinkirin ne, na haƙura, tunda dai ya zo. Kin ga da tun a Afrilu kika yi haka da ba mu kai ga baƙar magana ba.

Ranar Talata da ƙarfe goma na safe zan kai shi da kaina. Ba zan ba Mista Prewitt ba, kada ya ɗora masa kofin shayi. Matar da ke karɓa a ofishin rajista wata tsohuwa ce, Misis Yoder, an ce ita ke buɗewa da hannunta ta duba ta buga hatimi, shi ke nan. Ita kaɗai za ta gani, haka ƙa'idar take, kuma haka nake so.

Bikin bayar da takardu ranar Asabar ta ƙarshen Yuli ne. In za ki zo ki gaya mini da wuri in saya miki riga, kada ki zo da shuɗiyar nan ta zuwa jana'iza.

Na gode da jam ɗin.

Nadine Stamper

*

Marlow
17 ga Yuni

Yayata Verna,

Ina gaishe ki. Ina fatan kina lafiya, ina fatan gwiwar ta bar ki kin yi barci. Kwana huɗu ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Na je ranar Talata. Na sa rigata mai ruwan toka, na ajiye ambulan a gaban Misis Yoder kamar mai ajiye kyauta. Ta sa tabarau, ta juya shi, ta kai shi bakin taga. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Baiwar Allah, wannan an taɓa buɗe shi."

Na ce, "Ba a taɓa ba. Shekara talatin da ɗaya yana akwati."

Ta ce, "Zo ki gani. Sa hannun magatakarda ya ratsa bakin ambulan, to dubi rabin sama da rabin ƙasa, ba su haɗu ba. Wannan kuma ba gam ɗin ofis ba ne, fulawa ce aka dama. Ni ma a gona na tashi, na san ta. Da tururi aka ɗaga shi, kuma wanda ya yi gwani ne."

Na ɗaga mata murya, Yaya. Na ce ƙarya ne, na ce idonta ne ya tsufa, na ce ta buɗe ta gani. Mista Prewitt ya leƙo daga ofishinsa. Ta ɗauki wuƙar buɗe wasiƙa ta tsaga shi, ta zaro takardar, sai wata 'yar ƙarama ta faɗo a kan tebur. Irin wadda Mama ke mannawa a jikin kwalba ta rubuta wake ko tumatir da shekara. Misis Yoder ta dube ta, ta miƙo mini ta ce, "Wannan ba tamu ba ce, taki ce."

Rubutun Mama ne, da fensir, harufan nan nata masu jingina da juna.

"Deenie, mun gani, ni da Verna. Babanki bai sani ba kuma ba zai sani ba. Na so in yi miki magana, Verna ta ce a bar ki da abinki. Ranar da kika buɗe wannan ki zo gida ki ci abinci. Mama. Agusta 1992."

Agusta, lokacin dafa kwalaben ajiyar abinci. Ina ganin ku yanzu, ke da ita a madafa, babbar tukunyar nan tana tafasa, ambulan yana kan tebur, 'yarta mai kwaleji ta ce kada a taɓa. Mama da ba ta iya barin wasiƙar maƙwabta ba ta ɗaga a rana ba.

Ba sai na gaya miki abin da ke cikin takardar ba, kin riga ni gani. Amma ban taɓa faɗa da bakina ba, bari in faɗa. Shekarar farko na ci darussa takwas, da ƙyar. Shekara ta biyu ban ci ko ɗaya ba, domin ban shiga aji ba. Akwai wata malama da ta sa ni karatu a gaban aji, da na buɗe baki 'yan matan birni suka kwashe da dariyar yadda muke magana. Ɗaya ta tambaye ni ko a garinmu ana sa takalmi. Washegari na zo ƙofar ajin na kasa shiga, jibi ma haka. Matar wani malami tana neman mai reno, na je. Shekara guda ina zaune a ƙasa da 'ya'yanta uku, ina rubuto muku cewa jarrabawa ta yi wuya amma ina ƙoƙari. Ke kuma kina kan keke daga safe zuwa yamma don in zauna a can. Na dawo na ce na gama, darasi ɗaya ne ya hana a ba ni takarda. Baba ya faɗa wa duk wanda suka shiga ramin kwal tare, har ya rasu yana faɗa.

Lissafin da na yi shi ne, tsohuwa ɗaya a ofis za ta ga abin kunyar, ta ƙirga na shekarar farko, ta buga hatimi, magana ta mutu. Kuma da ya yi. Misis Yoder ta bi layin da yatsa ta ce, "Ashirin da huɗu. Da sun ishe ki har da saura." Na ce to ta karɓa mana, ga takarda ga hatimi. Ta ce, "Wallahi na yarda taki ce, amma ba yadda zan yi. An buɗe." Ba ta ce komai a kan shekara ta biyu ba. Da ta yi mini irin kallon da nake yi wa mutane, da ya fi mini sauƙi.

Mista Prewitt ya ja ni ofishinsa. Bai yi murmushi ba, bai turo alewa ba. Ya fito da takarda ya tsara mini darussa bakwai, zango uku, in gama baɗi war haka. Ya ce, "Na farkon lissafi ne, ranar Asabar da safe. Kujerar gaba zan sa a ajiye miki." Ni na miƙa hannu na ɗauki alewar da kaina, don ban san abin da zan yi da hannun ba.

Kwamiti sun zauna ranar Alhamis. Daga ɗaya ga Agusta Brynn ce shugaba, ni kuma na koma ɗakin 'yan shekara biyu, inda na fara. Ta same ni ina kwashe kaya ta ce, "Mis Nadine, ni fa tsoro nake ji. Komai sai na tambaye ki." Na ce ta fara da koyon shinshina. Furen kuma na ce ta sa a taga ta hagu, ta fi samun rana.

Na yi fushi da Mama kwana ɗaya cur. Tururin tukunyarta ya raba ni da kujerata bayan ta yi shekara shida a kabari. Amma ita ina ta san wata ƙa'idar ambulan? Ta ɗauka takarda ta mai ita ce, wata rana zan buɗe abina in ga saƙonta. Ni ce na ƙi buɗewa, kuma ba don ƙa'ida ba.

Ke ce ban san yadda zan yi da ke ba. Shekara talatin da ɗaya kina sane. Ranar da na ce kada ki sa baki a maganar likitan Baba don ba za ki gane ba, kina sane. Ranar da na gyara miki takardar jana'izar Mama da jan biro, kina sane. Ranar bikin Godiya, a gaban Fasto da matarsa da mutum goma sha ɗaya, na ce a bar magana wa waɗanda suka yi kwaleji. Kalma ɗaya ta ishe ki ki gama da ni a wurin, kuma kowa zai ce na cancanta. Kika dube ni, kika miƙo mini kwanon wake. Na ɗauka rashin amsa ne. A watan jiya ma na rubuta miki cewa ƙyashi kike yi, alhali ƙoƙari kike ki hana ni zuwa in tsaya gaban baƙuwa a buɗe ni.

Akwai kuma abin da na yi shekaru ina yi kamar na manta. Malamin lissafin sakandare da ya zo gida sau biyu yana roƙon Baba a tura 'yarsa kwaleji, ba don ni ya zo ba, don ke ya zo.

Ban iya ba da haƙuri ba, Yaya, ban saba ba, kuma na san wanda zan bayar bai kai ba. Mama ta ce ranar da na buɗe in zo gida in ci abinci. Na makara da shekara talatin da ɗaya, amma ranar Asabar mai zuwa zan taso da safe. Kada ki share gida, kada ki yanka kaza, dila ta riga ta rage miki su. Wake da burodin masara sun isa. Zan zo da littafin lissafin da aka ce in saya, na buɗe shi jiya ban gane ko shafin farko ba. In kina da lokaci bayan mun ci, ki duba mini.

Ki sa shuɗiyar rigar in kina so. Tana yi miki kyau, tun da can ma tana yi.

Ƙanwarki,
Deenie